Wace kalma za mu sa wa "traumatisme" a rediyo?

Hadiza (Tawa): Salamu alaikum ƴan uwa. Ran 25 ga Nuwamba za a fara kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, kuma an ba ni fili a rediyo. Takardar da anka turo muna da Faransanci take, "traumatisme" ko'ina. Ga abin da nike nufi: yarinya an yi mata fyaɗe, jiki ya warke, amma watanni sun wuce ba ta barci, in an buga ƙofa sai ta zabura, hanyar rijiyar da abin ya faru ma ba ta iya bi. Mi za ni kira wannan? Ban da taɓin hankali don Allah, in na faɗe shi babu uwar da za ta kawo ɗiyarta.

Malam Isuhu: Firgici.

Ramatu (Yamai): Firgici na lokacin ne, Malam, yana wucewa. Wannan abin da ya rage ne bayan firgicin. Mu a wurin aiki tabon zuciya muke cewa.

Inna Hawa, ungozoma: Ɗiyata, tabo ai ya riga ya warke. Ku ce mikin zuciya. Bayan harin ƙauyukan Tiliya, a jihar Tawa, na Maris 2021, inda anka kashe mutum 137, na ga wata mata da in ta ji ƙarar babur sai ta fizgi goyonta ta shige bayan ƙofa tana rawar jiki. Mikinta ɗanye ne. Kuma in kun ce miki, kun samu fami kyauta. Shi muke hana sababbin ma'aikata: kada a tilasta mata maimaita labarin gaban mutum biyar, kada a tambaye ta "mi ya kai ki can?" Wannan fami ne.

Malam Isuhu: Miki na ƙafa ne. Cuta suna guda take so, kamar sanƙarau. Na ba ku razanau. Ginin Hausa ne tsantsa.

Ramatu: Malam, da girmanka, ginin da ya ba mu sanƙarau shi ya ba mu mantau da makarau. Gobe yara su bi yarinyar suna kiranta Razanau.

Abdul Karim: Ni duka ban yarda ba. Kalmar Turawan daga Girkanci take, ma'anarta rauni, kenan mikin zuciya bin sawunsu ne kawai. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, har yaushe za mu riƙa jiran takardar Faransanci kafin mu san sunan ciwonmu?

Sani: A gidajen rediyon Najeriya na kan ji ɗimuwa.

Malam Isuhu: Ba Kano za ta koya wa Adar Hausa ba. Razanau dai.

Sani: Wa ya ambaci Kano, Malam? Ɗimuwa ba Hausarku ba ce?

Abdul Karim: Matsalar ƴan lakkal kenan, kowa da ubangidansa.

Hadiza: Haba iyayena, ku dubi Allah. Akwai uwar da za ta kunna rediyo ɗiyarta na kwance a ɗaki. So nike ta gane cewa abin yana da suna, ba iskoki ba ne, ba laifin yarinyar ba ne, kuma in fyaɗen sabo ne a kai ta likita cikin awa 72 don maganin kariya daga sida (ƙanjamau). Na gwada kalmomin ga matan da ke jiran awo. Da na ce razanau sai sunka tambaye ni ko sabuwar annoba ce. Da na ce mikin zuciya, wata tsohuwa ta ce "irin na jikata."

Malam Isuhu: To, ki sa shi a rediyo. Amma a littafin horo ina nan kan razanau.

Abdul Karim: Fami kam na karɓa. Sauran da sauran magana.

Hadiza: Na gode. Saura "survivante". Wadda ta tsira? Wadda abin ya shafa? Alhamis za ni miƙa rubutun.

Inna Hawa: Ban da "wadda anka lalata" dai.