Birkin gaban tsohuwar Honda CG125 ya ƙi kamawa

Salamu alaikum. Ina da Honda CG125 ƙirar 1980, mai birkin ganga a gaba da ake ja da waya. Inji lafiya lau, birkin ne ya isheni. Sai na matse hannun birki ya kusa taɓa kan babur kafin ya fara kamawa, kuma in na sauko gangara da kaya, yana ɗaukar zafi sai ya saki. Shekaranjiya saura ƙiris in afka wa Keke Napep a shataletale.

Na sa sababbin takalman birki, na canja waya, na ɗaure ta iya ɗauri, na goge cikin gangar da samfefa. Da na sake kwance tayar bayan mako biyu, sai na ga takalman sun ci a tsakiya kawai, bakinsu biyu ko gogewa bai yi ba. Hannun kuma yana bugawa kaɗan-kaɗan in ina tsayawa, shi ya sa nake zargin gangar ta daina zama da'ira sosai.

Bakanikena ya ce in koma birkin faifai. To wannan sai an canja shoka, taya, da famfon man birki gaba ɗaya, kuɗin ya fi ƙarfina, kuma ba na son ɓata wa babur ɗin kamanninsa na asali.

In na kai gangar aka sassaƙe ta a injin lata (injin sassaƙa ƙarfe), aka daidaita takalma masu kauri da faɗinta, birkin zai kama yadda ya kamata? Na gode.