'Yata ta daina allurar insulin a makarantar kwana saboda gori

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, abin ya fi ƙarfina.

'Yata mai shekara 14 tana da ciwon suga nau'i na 1, wanda jiki ke daina samar da insulin (sinadarin da ke daidaita suga a cikin jini), ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Allura huɗu take yi a rana. A gida ba mu da matsala, ko an ɗauke wuta muna sa maganin a leda mu ajiye a gindin randa.

Tunda ta shiga makarantar kwana komai ya dagule. Wasu 'yan ɗakinsu suka ga tana allura a cinya, suka baza cewa ƙwaya take yi. Wasu kuma sun ƙi cin abinci kwano ɗaya da ita, wai kada ta shafa musu, alhali ciwon ba ya yaɗuwa. Sai ta koma yi a banɗaki, daga baya ta daina yin allurar da ake yi da rana gaba ɗaya. Makon jiya aka kira ni tana amai da fitsari babu ƙaƙƙautawa, muka kwana uku a asibiti.

Babanta ya ce a mayar da ita jeka-ka-dawo. Ita kuwa kuka take, ta ce kada in je in yi wa ɗalibai bayani, tonon asiri ne. Na yi magana da matron sau biyu, "to Hajiya" kawai nake samu.

Iyayen da suka taɓa shiga wannan hali, don Allah yaya kuka yi? In nemi likitanta ya rubuta wa shugabar makaranta, ko in cire ta?