Cape Point: dutse ne kawai da allo, ko akwai abin gani?

Ɗan_hanya:
Salam ƴan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa Afirka ta Kudu ku taimaka min da shawara. A watan Satumba in sha Allah zan je Cape Town wani taro na kwana huɗu, ranar ƙarshe kuma babu komai a jadawalin, shi ne wani abokin aikina ya ce lallai in je Cape Point, can ƙarshen tsinin ƙasar da ya kutsa cikin teku. Ni kuma hotunan da nake gani a Facebook duk iri ɗaya ne, mutane sun jeru a bayan wani allon katako iska na neman tafiya da hulunansu. Wai akwai abin gani ne da gaske? Sannan gaskiya ne a nan tekun Atilantika da na Indiya suke haɗuwa har ka ga layi a tsakani, ruwa kala biyu? Dabbobin da ake faɗa kuma a sake suke ko a keji? Ba na son in kashe yini guda a mota a banza.

Malam_Matafiyi:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka je, wlh ba za ka yi da-na-sani ba, amma bari in fara cire maka maganar layin nan daga rai don kar ka je kana leƙe. Babu wani layi. Inda aka amince a hukumance cewa tekunan biyu sun rabu shi ne Cape Agulhas, kusan kilomita 150 daga can ta kudu maso gabas, kuma shi ne ainihin ƙarshen Afirka ta ɓangaren kudu. Ko a can ɗin ma ba kala biyu za ka gani ba. Abin da yake akwai shi ne ruwa mai sanyi da ake kira Benguela yana bi ta gefen yamma, mai ɗumi kuma wato Agulhas yana gangarowa ta gabas, kuma inda suke gaurayuwa ba ya tsayawa waje ɗaya, yau nan gobe can.

Allon da ka gani kuma na Cape of Good Hope ne, tsinin da ke maƙwabtaka da Cape Point, akwai hanyar ƙafa a tsakaninsu ta saman dutse. Yawancin mutane a allon suke tsayawa su ɗau hoto su koma mota, shi ya sa hotunan suka zama iri ɗaya. Kai ka hau sama wajen tsohuwar hasumiyar fitila. Akwai wani ɗan jirgi da ake ja da waya mai suna Flying Dutchman in ba ka son matakala, amma in ƙafarka lafiya ka taka, don duk kwanar da ka sha sai ka ga wani abu dabam. In ka kai sama dutsen yankewa yake yi kawai kamar an sa wuƙa, sama da mita 200 zuwa ruwa, ƙasa can igiyar ruwa na dukan duwatsu tana farin kumfa amma sai ka ji ƙarar ta iso maka a makare saboda nisa, ga baƙaƙen tsuntsayen nan masu nutso sun yi sheƙa a jikin bangon dutsen suna shawagi a ƙasanka. Ni ban taɓa kallon bayan tsuntsu yana tashi ba sai a wajen. Na fi minti 20 ban ce uffan ba sai tasbihi.

Hasumiyar ma tana da labari. Wajen 1860 aka kunna ta, aka ɗora ta can ƙololuwa da tunanin za a fi hango ta, ashe tsayin ne matsalar, don hazo da gajimare suna rufe ta sau da yawa jiragen ruwa ba sa ganin komai. A 1911 wani jirgin Fotigal mai suna Lusitania ya daki wani dutse da ke ɓoye a ruwa, Bellows Rock, ya nutse (ba shi ne na Ingila da aka nutsar a 1915 ba, suna ne ya zo ɗaya). Bayan nan aka gina sabuwa a ƙasa, mita 87 daga ruwa, ta fara aiki a 1919. Dama tun 1488 da matuƙin jirgin ruwan Fotigal Bartolomeu Dias ya zagaya wajen sunan da aka ce ya sa masa shi ne tsinin guguwa, daga baya aka sauya zuwa na kyakkyawan fata, wato Good Hope, saboda ya buɗe wa Turawa hanyar Indiya ta ruwa. In ka tsaya a iskar wajen minti biyar za ka gane dalilin sunan farko.

Maman_Biyu:
Malam ya faɗi na sama, ni bari in faɗi na ƙasa. Babu keji ko ɗaya ɗan uwa, wajen gandun daji ne, yana cikin babban gandun Table Mountain, kai ne baƙo a gidansu. Mun ga jimina tana kiwo a bakin teku, ga yashi ga ruwa ga jimina, abin da ban taɓa kawowa a rai ba. Mun ga wata barewa mai farar fuska da suke kira bontebok, da wasu manya masu kama da gwanki can nesa. Akwai jakin dawa ma amma mu Allah bai nuna mana ba. Rema kam ga su nan birjik a kan duwatsu suna shan hantsi, sai a ranar na ji wai ƴan uwansu na kusa a halitta giwa ce, ikon Allah.

Amma abin da ya sa na shigo shi ne maganar gwaggon biri. Don Allah ka ɗauke ta da muhimmanci. Mun tsaya a gefen hanya kallon wani garke, uwa da jaririnta maƙale a jikinta ƙanana na wasa, sai ɗana ya ɗan sauke gilas da leda a hannunsa, kafin in ce rufe wani ƙaton namiji ya zura hannu ya fizge ledar ya koma gefe ya zauna yana buɗewa a nitse. Yaron ya yi ta kuka, ni kuma jikina sai rawa don na ga haƙoransa. Suna iya buɗe ƙofar mota in ba ka sa lok ba. Ba su abinci laifi ne akwai tara, kuma ba don kare mu kaɗai aka sa dokar ba, birin da ya saba da abincin mutane yakan koma fashi da tsoratar da jama'a, ƙarshenta wani lokaci kashe shi ake yi. Wannan ya tsaya min a rai sosai. Alhali in an bar su suna da abincinsu, waɗannan na tsinin har bakin teku suke sauka in ruwa ya janye suna ɓamɓaro ƴan dodon-koɗin da ke manne a duwatsu suna ci, abin da ba kasafai ake ganin biri na yi ba. To ka rufe gilas, abinci ya zauna a but, in ka ga sun nufo ka kar ka yi kokawa da su a kan jaka.

Mai_son_tsirrai:
Hajiya sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Ni inda na ɗan saɓa da ku shi ne kowa teku da biri yake faɗa, alhali babban abin mamakin wajen yana ƙarƙashin ƙafarku kuna wuce shi. Ɗan uwa in ka shiga za ka ga fili babu manyan bishiyoyi, sai gajerun tsirrai masu ƙananan ganye, ka ce ai wannan jeji ne kawai. Shi ake kira fynbos. Masana sun raba duniya gida 6 ta fuskar tsirrai, yankin Cape shi kaɗai gida guda ne kuma shi ne mafi ƙanƙanta, amma yana da nau'i kusan 9,000, kusan kashi 70 cikin 100 nasu babu su a ko'ina a duniya sai nan. UNESCO ta sa yankin cikin kayan gadon duniya a 2004. Cikin ɗan gandun tsinin nan kaɗai akwai sama da nau'i 1,000.

Kuma ƙasar fa yashi ce mara ƙarfi, ga iska ga fari a lokacin zafi, amma tsirran sun samu dabara. Da yawansu gobara suke jira, wani yana riƙe irinsa a rufe shekara da shekaru sai wuta ta wuce ya sake shi a kan toka, wani kuma tururuwa ce ke jan irin zuwa raminta saboda ɗan maiƙon da ke jikinsa, ta cinye maiƙon ta bar irin a binne inda wuta da ɓera ba za su same shi ba, sai hayaƙi da ruwan sama su tashe shi. Ni wannan ya fi burge ni a kan duk wata hasumiya. Satumba kuma ka dace, farkon bazararsu ce bayan ruwan hunturu, furanni sun buɗe. Ka nemi protea, dangin furen da ƙasar ta ɗauka a matsayin alamarta, in ka yi shiru kusa da shi za ka ga wani tsuntsu mai dogon baki da doguwar jela yana shan ruwan furen. Sai dai ka tsaya kan hanya kar ka ratsa cikin ciyawa, akwai macijiyar nan kasa, kuma ba ta gudu in ta ji tafiya, kwanciyarta take yi. Kar kuma ka tsinki komai.

Ɗan_hanya:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, gaskiya kun canza min tunani. Malam to da wane lokaci ya fi in tashi, kuma yini ɗaya zai isa? Na kuma ji ana maganar fengwin, tsuntsayen tekun nan da ba sa tashi, a nan suke?

Malam_Matafiyi:
Ka tashi da sassafe, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce daga cikin gari, ka riga manyan motocin ƴan yawon buɗe ido isa. Ka tafi da rigar sanyi ko da ka ga rana ta fito, yanayin wajen ba ya da alƙawari. In ka sauko daga hasumiya ka bi hanyar ƙafar nan zuwa allon, za ka hango wani farin yashi a ƙasa tsakanin duwatsu, Dias Beach, kyakkyawa ne sosai amma kar ka yarda ka shiga ruwan, yana jan mutum. Ka riƙa duban teku kuma ta gefen False Bay, wato ɓangaren gabas na tsinin, daga Yuni zuwa Nuwamba manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel suna zuwa kusa da gaɓa haihuwa, alamar ita ce feshin ruwa ya tashi sama ko ka ga baƙin baya ya ɓullo ya nutse.

Fengwin ba a tsinin suke ba, suna Boulders kusa da Simon's Town, a kan hanyarka ta dawowa. A farkon shekarun 1980 ƴan ƙalilan suka zo suka zauna a wajen har suka zama gari guda. Akwai gadar katako da za ka bi ka kalle su dab da kai, kukansu kamar na jaki. Amma yawansu a duniya ya ragu ƙwarai, babban dalili ƙananan kifayen da suke ci sun yi ƙaranci, har a 2024 aka sa su cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Kar ka miƙa musu hannu, suna sara da baki kuma da zafi. Ka ware musu ko awa ɗaya ce kafin a rufe ƙofa, in ka dawo kuma ka sa mana hotuna a nan.