Wa ke gadin iskar da aka binne a ƙarƙashin ƙasa?

Malamin Garwa: Assalamu alaikum. A makon jiya ina yi wa ɗalibaina bayanin yadda wasu kamfanoni ke tura iskar kabon dayoksaid cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa domin rage ɗumamar yanayi, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tuna mini da tafkin Nyos da ke ƙasar Kamaru, inda wannan iskar ta hallaka mutane fiye da 1,700 cikin dare ɗaya a watan Agustan 1986. Ta tambaye ni yadda ake sanin wadda aka binne ba ta kufce ba, ni kuwa na rasa ta cewa. Ina neman ƙarin haske daga masana.

Injiniya daga Anjamena: Wa alaikumus salam, Malam. A Nyos iskar ta taru ne a ƙasan ruwa, babu murfin dutse a kanta. Wadda ake binnewa kuwa tana shiga ƙananan ƙofofin dutsen yashi, kuma yayin da matsi ke ƙaruwa sai dutsen ya ɗan kumbura, ya ɗaga abin da ke bisansa har zuwa doron ƙasa. Wannan kumburin ake aunawa. A In Salah da ke hamadar Aljeriya an tura kimanin tan miliyan 3.8 daga 2004 zuwa 2011, a zurfin da ya kusa kilomita biyu, kuma tauraron ɗan adam mai na'urar rada ya nuna ƙasa tana tashi da kusan milimita biyar a shekara a saman rijiyoyin da aka tura iskar ta cikinsu, abin da bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba. A kan rijiya ɗaya kumburin ya rabu gida biyu maimakon ya yi tudu guda, daga nan masana suka fahimci cewa wata tsaga ce ke buɗewa a cikin dutsen. A 2011 aka dakatar da aikin.

Safiyo daga Marwa: Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. In Salah fili ne fetal, babu ciyawa babu noma, shi ya sa radar ta ga komai sarai. Duk wanda ya san ƙasar karal, wato ƙasar laka da ake dasa masakwa a cikinta a wajenmu, ya san tana kumbura da damina, da rani kuma ta dare har mutum ya zura hannu a tsagar. Motsinta kaɗai zai binne milimita biyar ɗin nan. A irin wannan wuri dole a haƙa rami a dasa na'urar auna karkatar ƙasa, ko a manna igiyar gilashi, wato siririn zaren da haske ke bi ta cikinsa, a jikin rijiyar domin ta ji miƙewar dutsen tun daga zurfi.

Malamin Garwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan shiga aji da dunƙulen laka busasshe da kofin ruwa.