Dokar hana kamun kifi saboda zafin ruwa: za ta yi aiki a Kogin Kaduna?

Mazaunin Kabala: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a jihar Montana ta Amurka ya shaida mini cewa idan zafi ya tsananta, hukuma kan hana kamun wani kifi da ake kira turawut daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Mene ne hikimar hakan, kuma shin irin wannan doka za ta amfane mu a nan?

Malamin Gona: Wa alaikumus salam, Malam. Turawut kifin ruwan sanyi ne, kuma ruwa idan ya ɗumama iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take yi. Da zarar ɗumin rafi ya haura digiri 20 a ma'aunin Salsiyos sai turawut ya fara galabaita, ta yadda ko an kama shi da fatsa an mayar, kamar yadda masu kamun nishaɗi suke yi a can, sau da yawa ba ya rayuwa. A Montana ana kafa dokar ne idan ruwa ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere. Son ruwan sanyin nan ne ya sa a Afirka sai a tsaunuka irin na Kenya da Lesoto ake samun turawut. Tarwada da karfasa kuwa ɗumi suke so, don haka dokar ba tamu ba ce.

Tsohon Masunci: Malamin Gona ya yi gaskiya, amma ka bar rabin zancen, ɗana. Mu lokacin da ya kamata a ɗaga wa kifi ƙafa shi ne farkon damina, sa'ad da kogi ya cika ya malala cikin fadama, tarwada ta hau yin ƙwai. A daidai lokacin ne ake tare ta da taru mai ƙananan idanu. Na sha farke cikin tarwada a bakin gada in tarar da shi fal da ƙwai, in ji ba daɗi. Ba a ma maganar masu zuba guba a ruwa da rani.

Mazaunin Kabala: Na gode, Baba. To in an hana kamun kifi a farkon damina, wa zai tabbatar an bi?

Tsohon Masunci: A Argungu ba a shiga kogin Matan Fada da sunan su sai lokacin bikin kamun kifi, kuma jama'a suna bi saboda maganar tana hannun Sarkin Ruwa da masarauta. Sai dai masuncin da aka ce ya jingine tarunsa wata biyu, dole a faɗa masa abin da iyalinsa za su ci kafin ruwa ya ja.