GTO ta 1965 ko Mustang ta 1967, dan Allah a ba ni shawara kafin Asabar

Ɗan Autan Ohio: Salamu alaikum jama'a. Na ɗan tara wani abu ina son in sayi tsohuwar mota in riƙa gyara ta a hankali a garejin gida, kuma guda biyu ne suka tsaya min a rai. Ɗaya Mustang ce ta kamfanin Ford ta 1967 mai injin 289 (lambar girman injin ke nan), tana tashi amma fenti ya mutu. Ɗayar mai ita ya ce GTO ce ta kamfanin Pontiac ta 1965, jawur sai ƙyalli, kuma kuɗin da ya faɗa bai kai yadda na zata ba. Gsky zuciyata tana wajen GTO ɗin. Sannan wace mujalla ya kamata sabon shiga ya fara bi?

Kawu Mai Walda: Wa alaikumus salam ɗana. Arahar nan ita ce ta sa gabana ya faɗi. A 1964 da 1965 GTO ba mota ce mai zaman kanta ba, ƙari ne da mai saye yake zaɓa a kan wata motar Pontiac mai suna LeMans, shi ya sa lambar jikin motar ba za ta gaya maka komai ba. Sai daga 1966 ne lambar take farawa da 242. To mutane da yawa sukan samo LeMans su manna mata tambari da bonet ɗin GTO su fesa jan fenti shike nan. Kafin ka ba da ko dala ɗaya ka karɓi lambar ka tura wa Pontiac Historic Services, suna da takardun yadda kamfani ya haɗa kowace mota. In mai ita ya fara kame-kame a kan lambar, ka yi masa sallama.

Baban Khalifa: Kawu ya gama magana. Ita kuma Mustang ka ci sa'ar shekara, don Marti Report, wato rahoton da ake cirowa daga bayanan kamfanin Ford a kan kowace mota, daga motocin 1967 ya fara, zai nuna maka launinta na asali da injinta da dilan da aka kai wa. Tun kafin nan ma ka ƙirga harafi na biyar a lambar, in C ne ko A to 289 ce tun daga kamfani, in T ne mai silinda shida ce wani ya ɗora mata V8 mai silinda takwas daga baya, in kuwa ka ga K ko S, wato masu injin da ya fi ƙarfi, to kar ka nuna zumuɗi a gaban mai ita, don waɗannan ba a cika samunsu ba.

Ɗan Autan Ohio: Allah ya saka da alheri. To in ta tabbata LeMans ce fa, shike nan ba ta da amfani?

Kawu Mai Walda: A'a, mota ce mai kyau, a saye ta a kuɗin LeMans kawai. Amma abin da ya fi damuna da duk biyun shi ne inda kake. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara a Ohio da Michigan shi ke cinye motocin nan daga ƙasa, kuma inji ana sauke shi a gyara a mayar, tsatsa kuwa in ta shiga ƙashin mota aikin walda ne na wata da watanni kuma shi ke cinye kuɗi. Ka tafi da tocila da ɗan maganaɗisu da jarkar ruwa. Maganaɗisun ka bi da shi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyin baya, duk inda ya ƙi kamawa fila aka cika. Ruwan kuma na Mustang ne, ka zuba a ragar nan da ke gaban gilashin gaba sannan ka leƙa wajen ƙafar direba da na mai zaman banza, in ka ga yana ɗiga to cikin ya ruɓe, kuma wajen nan sai an ɓalle walda ake isa gare shi. Ka ɗaga kafet, ka ɗaga shimfiɗar but, ka kwanta a ƙasa ka ƙwanƙwasa. Sabon fenti a motar da za a sayar ni ba ya burge ni ko kaɗan.

Hajiya Maman Iman: Maganar mujalla tunda kowa ya tsallake ta. Hemmings Motor News ka fara da ita, tun 1954 take kuma yawancinta tallan motoci ne da kayan gyara, in ka bi ta wata uku ido zai buɗe a kan farashi. Hot Rod kuma tun 1948, amma ta fi karkata ga masu ƙara wa inji ƙarfi. Abin da ya ba ni takaici shi ne Disambar 2019 da aka sanar da daina buga mujallu 19 a lokaci ɗaya, ciki har da Mustang Monthly da Car Craft da Mopar Muscle da Muscle Car Review. Ni da maigidan har yau tsofaffin Mustang Monthly muke buɗewa, hoto bi hoto suke nuna aiki. Ana samunsu kwali-kwali a eBay, ko a taron Ford da ake yi a Carlisle ta Pennsylvania, daga wajenka ma tafiyar mota ce.

Baban Khalifa: Hajiya a ƙara da tsofaffin Hemmings Muscle Machines. Sai dai a karanta da lura, sau da yawa kayan masu talla ake ɗaurawa a motar da ake nunawa. Ko gwajin gudu na da ba duka ake haɗiyewa ba, GTO ɗin da Car and Driver ta gwada a 1964 babban inji 421 aka saka mata a ɓoye maimakon nata 389, Jim Wangers da ke yi wa Pontiac talla shi ya faɗa da bakinsa daga baya. In Mustang ka saya, littafin gyara na kamfanin Ford na shekarar shi ne alƙali, ana sake buga shi.

Injiniya Sabo: Ni fa Mustang zan ce kai tsaye. Kusan babu abin da ba a ƙera sabonsa, kamfanonin sayar da kayan gyara irin su NPD da Classic Industries cike suke, Dynacorn har gangar jiki sukutum suke yi. Kuma in ka saya ka cire birkin ganga na gaba ka sa na faifai, ka jefar da kafireta ka sa injekta ka huta.

Kawu Mai Walda: Birki na yarda, rai ya fi komai, ita GTO ta 65 ma tukunyar man birkinta ɗaya ce, tiyo ɗaya ya fashe duka sun tafi. Amma jefarwa a'a Injiniya. Duk abin da aka cire a wanke a sa a kwali a rubuta, ranar sayarwa mai saye zai tambaya. Kafireta kuma in an wanke an saita ba ta da laifi. Abin da zai kula da shi baƙin mai ne, injinan nan suna son mai sinadarin zinki da yawa saboda irin kamshaf ɗinsu, sai tiyon fetur na roba a canja su duka don fetur ɗin yanzu mai etanol yana cinye tsofaffin.

Injiniya Sabo: To Kawu na janye jefarwa, amma injekta ina nan a kanta, duk mai tada mota da sanyin Janairu ya san dalili.

Ɗan Autan Ohio: Na gode ƙwarai wlh. Na tura wa mai GTO saƙo ya ba ni lambar, har yanzu shiru. Mustang ɗin harafi na biyar C ne. Asabar da safe insha Allah zan je da ruwa da maganaɗisu.

Kawu Mai Walda: Ka ce masa kar ya tada ta kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyi sannan a murza makulli, ka tsaya ta baya ka ga kalar hayaƙin. Ka ɗauko min hoton ƙasanta ta wajen tayoyin gaba duka gefe biyu.