Ɗigo ko waƙafi: abin da muka tsayar kan karanta farashi

Bayan sallar isha'i a Jidda, hira ta kai mu ga manhajar da wani ƙanenmu ke rubuta wa shagon kawunsa. Mai saye ya rubuta 12,5 a gurbin farashi, manhaja ta karɓi riyal 12 cif, halala 50 ta bi iska. Laifin parseFloat ne, hanyar mayar da rubutu lamba a JavaScript, yaren rubuta manhaja: da ta ci karo da alamar da ba ta gane ba, sai ta tsaya nan ta miƙo abin da ta samu, ba ko gargaɗi.

Shawarar da kowa ya yarda da ita: a tace rubutu kafin a mayar da shi lamba. A nan ƙasar wayoyi da yawa lambobin Larabci suke fitarwa, ١٢٫٥, da nasu waƙafin na musamman. float, takwarar parseFloat a yaren Python, tana karanta lambobin Larabcin, amma waƙafin nan yana kayar da ita; parseFloat kuwa NaN kawai za ta ba ka, wato 'wannan ba lamba ba ce'. Don haka a sauya su zuwa 0 har 9, waƙafin ya koma ɗigo.

An ɗan yi gardama kan 1,250. Dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, ko ɗaya da 'yan kai? Ni dai ina bayan masu cewa kada manhaja ta yi canki, ta ƙi karɓa, ta sake tambaya.

Kuɗi kuma ba a ajiye shi a float, wato nau'in lamba mai ɗigo da kwamfuta ke kintatawa, tunda in an haɗa 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004. A ɗauki Decimal, nau'in lambar Python da ke riƙe abin da ke bayan ɗigo daidai, kai tsaye daga rubutun, ko a lissafa komai da halala, musamman wajen harajin kayan saye (VAT) na kashi 15.